Ranar da Muka Dasa Rhubarb Kamar Rogo

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke cikin kaina, na tabbata zai bar mini safiyar da na tsaya a bayan gidanmu na Tottenham, rigar sanyi a kan zane, ina kallon wata tsohuwar Baturiya tana dariya har da dafa katanga. Shekaru sun ja, amma har gobe in ina son maigidana ya rasa bakin magana, sai in ce masa, "Manomi, yaya gonar rogo?"

Shekarunmu na farko a Landan a wani flat, wato ɗakunan haya a gidan bene, muka yi su, can hawa na sama, mu da yara uku. Wurin shanya babu, yaro kuma in ya yi tsalle ɗaya sai maƙwabcin ƙasa ya hau dukan silin da sandar goge-goge. Na gaji da zaman nan har wuya. Sai Allah ya haɗa mu da wannan tsohuwa ta hanyar wata abokiyar aikina. Ciwon gwiwa ya matsa mata, za ta koma wurin 'yarta a wajen gari, tana neman wanda zai kama hayar gidanta, gida na ƙasa mai ɗan lambu a baya. Shekara ɗaya ta ba mu ta gwaji. Ta ce kafin shekarar ta cika za ta zo da kanta ta duba, in zamanmu ya yi mata mu ci gaba, in bai yi ba ta sayar da gidan.

Ranar da za ta ba mu makulli, ba ta tsaya nuna mana ɗakuna ba. Kai tsaye ta ja mu ƙarshen lambu, wurin wata shuka mai ganye faɗin faifai, karanta ja jawur. Ta ce sunanta rhubarb, kuma mijinta marigayi ne ya ɗauko saiwarta daga gidan mahaifinsa a shekarar da suka yi aure. Ta ce komai na gidan in ya lalace ana gyarawa, wannan kaɗai take roƙon mu riƙe mata da kyau.

Maigida ya dafa ƙirji. "Mama, ki kwantar da hankalinki, hannun manomi kika sa ta."

Na kalle shi ta wutsiyar ido. Gaskiya ne ɗan manoman rogo ne daga wani ƙauye wajen Keffi, amma rabonsa da fartanya tun yana sakandare, aikinsa yanzu danna kwamfuta ne daga safe har yamma. Na dai gyaɗa wa tsohuwar kai, don ina son gidan.

Mama, kamar yadda muke kiranta, ta yi mana karatu tsaf. Ba a sa mata wuƙa, a can gindi ake kama karan a murɗa a ja. In zafi ya raba tsakiya a daina cira, a bar ta ta huta. Tana son ruwa da taki. Sannan ganyen guba ne, kada a kuskura a ci. Nan na riƙe baki. Mu da muka taso muna tsinke ganye muna zubar da kara, yau ga shukar da ake cin kara a zubar da ganye. Abu ɗaya ne Mama ba ta faɗa mana ba, don ko a mafarki ba ta zaci akwai ɗan Adam ɗin da bai san shi ba.

Wannan lokacin zafi mun sha daɗi. Ranar da na fara gutsurar karan sai da na runtse ido, tsami ne zau irin na yakuwa. Ai kuwa na zuba shi a fate, na zuba a miyar taushe, na dafa shi da citta da sukari na sa a firij, ƙawayena suka sha suna tambaya wane irin zoɓo ne wannan. Maigida kuwa duk baƙon da ya zo sai ya kai shi ziyara wurin shukar, yana bayani hannu a baya kamar shi ya ƙirƙiro ta.

Da sanyi ya fara shigowa sai ganyen ya fara rawaya. Na ce ƙishi ne, muka ƙara ruwa. Ya kwanta a ƙasa ya yi laɓe-laɓe. Maigida ya ce sanyi ne ke kashe ta, ya riƙa ɗumama ruwa a buta yana ba ta da safe kafin ya tafi aiki. Ni kuma na sadaukar da tsohon bargon yara na lulluɓe ta. Duk a banza. Kafin ƙarshen shekara babu ganye babu kara, sai ƙasa baƙa da 'yan ruɓaɓɓun ganyaye. A garinmu in shuka ta yi haka ai sai dai a yi wa mai ita jaje. Amanar marigayi ta mutu a hannunmu, kuma ina ganin hawan benen flat ɗin nan yana yi mini murmushi.

Na ce mu kira Mama mu faɗa mata. Na ɗauki waya ya fi a ƙirga, in na tuna fuskarta ranar da take maganar mijinta sai in ajiye. Ita kuma duk sanda ta kira gaisuwa sai ta ce yaya lambu, in ce lafiya lau, in yi sauri in koma zancen gwiwarta.

Ana nan sai wata Asabar maigida ya dawo daga Stratford da jaka biyu, yana washe baki tun daga ƙofa. Ashe a babban kanti ya ga karan rhubarb a ɗaure, masu launin hoda, ya kwashe duk wanda ke kan kanta. Ya ce matsala ta ƙare. Rogo da me ake dasa shi? Da kara. Rake fa? Da kara. To wannan ma kara ne, kuma duk abin da yake kara in ya ji ƙasa zai kama. Wallahi yadda ya jero maganar sai na ji ta zauna daram, har na ji haushin kaina da ban riga shi tunowa ba.

Ya so ya tone ainihin wurin da ta mutu ya dasa a can, na hana. Ba wani ilimi ne ya sa ni ba, kawai dai wurin ya zame mini kamar kabari, na ce a bar shi. Sai ya ja kunya biyu a gefe, miƙaƙƙu kamar an sa igiya, ya yanka karan tsawon taki-taki, ya sossoka su a karkace yadda mahaifinsa ke yi. Ina riƙe masa buta ina sa albarka. Maƙwabcinmu ya leƙo ta kan katanga, ya kalli kunyar, ya kalle mu, ya ce yau da sanyi, ya koma ciki.

Ba a jima ba karan suka yi laushi suka langaɓe. Manomi ya ce iri ne ba mai kyau ba, ya canza kanti. Na biyun ma haka. Sai ga waya, Mama za ta zo ƙarshen mako ita da 'yarta. Ana gobe za su zo ya sake sayo sababbi fil ya dasa, wai wannan karon ya gano kuskuren, karkacewar ce ba ta isa ba.

Sun iso da hantsi, raɓa ta daskare fari fat a kan ciyawa. Na yi shayi, na soya ƙosai, na yi ta jan hira don kada a je baya. Mama ta ajiye kofi ta ce bari ta gaida tsohuwar ƙawarta. Muka bi ta a baya kamar masu zuwa kotu.

Ta tsaya a gaban kunyar nan biyu. Ga karan kanti a jere, launin hoda, ba ganye ko ɗaya, kowanne ya sunkuya gefe guda. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta sunkuya ta zare ɗaya, ya fito sumul, gindinsa da sawun wuƙa. Ta tambaya mene ne wannan.

Ni dai sai hawaye. Na ce, "Mama, ki yafe mana, ta mutu. Mun ba ta ruwan ɗumi, mun rufa mata bargo, ta ƙi. Shi ne muke dasa miki wata."

Maigida ya gyara murya ya fara bayanin yadda ake dasa rogo, har da kwatance da hannu. Bai kai ƙarshe ba na ga kafaɗun Mama suna rawa. Na ɗauka kuka ne, na ce shi ke nan, mu fara neman kwalayen kwashe kaya. Ashe dariya ce ta shaƙe ta. Ta dafa katanga, ta ce "bargo", ta sake fashewa. 'Yarta ta juya mana baya tana ta girgiza.

Da ta samu numfashi ta ce in riƙe ta. Ta durƙusa da gwiwar nan mai ciwo a wurin da nake kira kabari, ta share ruɓaɓɓen ganye da yatsu. Sai ga wani abu ja, dunƙulalle kamar jan goro, ya turo kai daga ƙasa. Ga wani a gefensa, ga wani kuma. Ta ce shukar barci take yi. Haka take yi duk shekara, ta shige ƙasa, kuma sanyin nan da muke yaƙi da shi shi take so, in ba ta sha shi ba ba ta tashi da ƙarfi. Na saki wata guɗa da ban san ina da ita ba, har tantabarun kan rufi suka watse. Maigida ya zauna daɓas a kan kunyarsa yana ta hamdala.

Sai Mama ta ce ya ɗauko shebur. Ta nuna masa inda zai sa, ya tono saiwar, ƙatuwa, ya raba ta uku, kowane kashi da tohonsa. Ɗaya ta ce a mayar inda mijinta ya dasa. Ɗaya 'yarta ta naɗe a jarida za su tafi da shi. Na ukun ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce wannan namu ne, a dasa shi a kan kunyar rogo, tunda an riga an sha wahalar yin ta.

"Amma ku ji," in ji ta. "Bana ba a taɓa shi. Baɗi kaɗan za ku cira. Sai shekara ta uku za ku ci son ranku."

Na tsaya ina lissafi da saiwa a hannu, sai can maganar ta shige ni, ashe ba za ta sayar da gidan ba ke nan. Ban tsaya tambaya ba na rungume ta, ƙasa da komai a jikin rigarta. Ran nan karan kanti muka tsince muka wanke, ta koya mini gasa shi da gari da sukari irin nasu, muka ci da sauran ƙosai.

Mun ci na shekara ta uku, mun ci na bayanta, har yanzu muna gidan. Abin da na koya shi ne, in kana baƙon wuri, abin da ka sani daga gida ba kullum yake aiki ba, kuma tsoron tambaya ya fi rashin sani wahalar da mutum. Kira ɗaya a waya da ya hutar da mu wata da watanni. Yanzu in sanyi ya zo ta shige ƙasa, sai in leƙa ta taga in ce mata a tashi lafiya, bargon kuma na mayar wa yara abinsu.