Kekunan Kawuna da Ƙarfe Takwas na Safe

Shekarun baya, wata ranar Asabar, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, muna zaune a shagon ɗinkin kawuna a Tudun Wada. Waɗanda suke wurin su ne kawu, da ni, da telolin da suka rage masa. Na ce suka rage domin lokacin ne kuɗin mai ya shigo ƙasa, gwamnati tana ɗibar ma'aikata kamar ana rabon goro. Telan da ya fi kowa iya wuyan riga ya tafi Kongo, nan cikin gari, ya zama masinja a ofis. Wani ya zama maigadi. Kowa so yake a kira shi ma'aikaci.

Kawu ya gyara zama ya ce, "Daga jibi na soke lokacin zuwa aiki. Kowa ya zo sa'ar da ya samu. Ni zan yanka yadi, in ɗaure wa kowa ƙunshinsa. Ranar Alhamis nake son kayana a ɗinke. Makulli yana wajen mai shayin bakin titi, wanda ya riga zuwa ya karɓa."

Ni na fara musu. Ni ne mai kula da shagon, na gama firamare, ina da agogon hannu, kuma a ganina duk wanda ya zo aiki bayan takwas ɗan'uwan ɓarawo ne. Na ce, "Kawu, wannan ai tasha za ta zama, ba shago ba."

Ya ce, "Kai da agogonka ku riƙa zuwa takwas ɗin. Babu mai hana ku."

Teloli suka fashe da dariya. Ban yi ba.

Ga yadda abin ya tafi. Da farko masinjan nan ya dawo, yana zuwa bayan an tashi daga ofis. Da ya shigo sai a ce, "Ga ɗan gwamnati ya iso," shi kuma ya ce, "Can hutawa nake, nan nake aiki." Bayansa wani malami daga unguwar Gyallesu, mai koyar da littattafai a zaure da safe, ya riƙa zuwa da hantsi. Masu gona kuwa idan damina ta faɗi sai bayan Azahar ake ganinsu. Ramin maɓalli da kalmasa mata ne suke yi a cikin gidajensu. Na zuba ido ina jiran Alhamis ɗin da kaya ba za su cika ba, in ce ai na faɗa. Ba ta zo ba. Amma a unguwa an riga an sa wa wurin suna shagon ga-dama, kuma ba yabo ake nufi ba.

Ana nan gwamnati ta buɗe makarantun firamare ko'ina, aka shiga neman masu ɗinka wa yara yunifom. Kawu ya nema. Wannan kwangila ita ce za ta mai da shagonsa kamfani, kuma duk garin babu wanda yake da hannayen da yake da su. Aka ce ranar Talata da safe jami'i zai zo ya duba wurin.

Ranar Litinin da rana aka yi ruwa mai yawa. Da yamma abokina, wanda yake akawu a ofishin da ke ba da kwangilar, ya same ni ya ce, "Ka gaya wa tsoho gobe takwas ta yi wa kowa a kan keke. In ba su cika ba a ɗora maƙwabta. Mutumin nan kawunan mutane yake ƙirgawa."

Na kai saƙo yadda aka ba ni. Kawu ya ce, "Ruwan shuka aka yi yau. In ce wa mutum ya bar gonarsa ya zo ya zauna a kalle shi? Malam ya sallami ɗalibansa? Masinja ya gudo daga ofis a kore shi? Ni na ce musu lokacinsu nasu ne. Ɗinki za a ba ni, ba hoto za a ɗauka ba."

Jami'in ya iso takwas da kwata. Ya tarar da ni, da kawu yana yanka, da tsoho ɗaya a kan keke. Sauran kekunan duk a rufe da ƙyalle.

Ya ce, "Malam, ina ma'aikatan?"

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, wasu suna gona, wasu suna makaranta, wasu suna ofis. Amma ga aikinsu." Ya kai shi ɗakin baya, inda riguna suke jere har kusa da rufi. Ya ciro ɗaya ya juya cikinta ya nuna masa ɗinkin.

Jami'in bai taɓa rigar ba. Ya ce, "Ni ma'aikata aka aiko ni in gani."

"To ranka ya daɗe, ka dawo bayan La'asar. Ba za ka sami wurin tsayawa ba."

Ya duba agogonsa ya ce, "Bayan La'asar na tashi daga aiki."

Iyakar maganar ke nan. Ya shiga mota ya tafi.

Kwangilar wani mai sayar da kayan gyaran mota a unguwar Kwangila aka ba. Bai taɓa zura zare a allura ba. Hayar kekuna ya yi na yini ɗaya, ya ɗebo 'yan dako daga tasha ya ɗora su a kai, jami'i ya ƙirga ya gamsu. Ba a yi wata ba sai ga mai kayan motar nan a ƙofar shagonmu da mota cike da yadi, yana washe baki. "Baba, a taimaka mini, an ce aikinka babu na biyu."

Na ce, "Kawu, ka kore shi."

Ya ce, "In na kore shi, me zan ɗaure wa mutanen nan ranar Litinin?"

Mu muka ɗinka yunifom ɗin. Sunan wancan ne a jikin buhunan. Shekara bayan shekara haka aka yi, shi ya je Makka, ya gina bene, aka riƙa kiransa mai masana'anta. Kawu kuwa a wurin ɗaurin aure da jana'iza ana ce masa, "Da ka tara mutanen nan na safiya ɗaya, da yanzu wani zancen ake." Shi dai bai mayar da dokar takwas ba har ya kwanta ciwo. Bayan rasuwarsa aka sayar da kekunan aka raba gado.

Kwanaki jikata ta zo hutu. Tana zaune a tsakar gida da kwamfuta a cinya, ta ce aiki take yi wa wani kamfani, sa'ar da ta ga dama. Ta ce, "Kaka, ba za ka gane ba, sabon tsari ne, Turawa suka fito da shi." Na tashi na shiga ɗaki. Ba da ita nake fushi ba.

Ni har yau mutumin takwas ne, ban canza ba. Amma na ga da idona cewa zama a kan kujera daban, aiki daban, kuma na ga wanda aka saka wa a cikinsu. Wannan ne bai bar ni ba.

Abin da nake roƙo gare ka, mai karatu, biyu ne. Idan aka aike ka duba aikin wani, ka duba aikin, ko da zai sa ka sake dawowa a lokacin da ba naka ba. Sannan kafin ka wuce, ka karanta wa kawuna Ƙulhuwallahu.