Tukunyar Irin da Aka Ƙi Fasawa

A gidanmu na unguwar Talladje, in aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, bayan magariba, mu yara murna muke yi. Kakata Iya Tani, wadda babana ya ɗauko daga ƙauyenmu na kan dutse can Arewa, sai ta tura icce cikin murhu ta ce, "Ku matso, 'yan birni, ku ji abin da ba a koya muku a lakwal, makarantarku ta boko." Ni da take kira mijinta rago, kullum ina manne da ƙafarta.

Akwai tatsuniya guda da ba ta taɓa yin dariya a cikinta ba. Wai a wani gari bisa dutse, in kaka ta yi, kowace mace kan zaɓi zangarniyar gero mafi kyau, ta sussuke, ta zuba a tukunya da toka, ta liƙe bakin da laka, ta ajiye can ƙasan rumbu. Wannan iri ne, ba a taɓa shi sai ruwan shuka ya sauka. Sai aka yi shekarar yunwa. Kowa ya fasa tukunyarsa ya ci, ban da mace ɗaya. 'Yarta na kuka, maƙwabta na zaginta, ta ƙi fasawa. Da ruwa ya zo, irinta aka rarraba a tafin hannu, duk garin ya yi shuka.

"Iya, 'yar fa?" muke tambaya.

"Ku tashi ku je ku kwanta," in ji ta.

Bara na kai 'ya'yana ƙauyen, inda yanzu aka yi ɗan gidan tarihi, da bukkoki da maƙera da tsoffin rumbuna. Dattijon da ke zagayawa da mu ya tambayi asalina. Da na faɗi sunan kakata, sai ya kama hannuna har gaban wani rumbu da ya tsattsage.

"Na Tani ne, ɗana, Allah ya jiƙanta. Geron da muke ci har yau daga tukunyarta ya fito. Yarinyar kuwa ba ta ga damina ba."

Na matsa na dafa rumbun. Duk shekarun nan na ɗauka haƙuri take koya mana, ashe abin da ke cin ranta take faɗa wa yara. Har yau ban san ko ta yi daidai ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Abin da na sani, da kunun geron da aka girbe a shekarar aka yaye babana.