Goggo a Ƙarƙashin Kwando

Wata takwas kacal ta girme ni. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya hango wata dattijuwa da carbi. Autar kakata ce, ƙanwar Baba ciki ɗaya. Ɗakinmu ɗaya, ajinmu ɗaya a lise, wato sakandare, don ta maimaita shekara. Amma a gidanmu na unguwar Briqueterie ba ruwan kowa da wata takwas. Ƙanwar uba ce, saboda haka Goggo ce, kuma rabon da sunanta na yanka ya fita daga bakina tun ranar da Kaka ta murɗe min kunne ina 'yar shekara biyar.

Shekarar da ta rage mana ɗaya mu gama, malamin wasanni ya ce zai haɗa 'yan mata su buga wa makaranta ƙwallon kwando, wato basket. Ni kuwa na daɗe ina jifa a filin makaranta lokacin hutu, har na fi wasu mazan. Ko tunani ban yi ba na ba da sunana. Tunanin sai da na dawo gida.

Kwana uku Baba yana cewa a'a. Zai dawo daga shagonsa na yadi a kasuwar Mokolo, ya tarar da ni a bakin ƙofa kamar mai gadi. Ran na huɗu ya gaji da ganina.

"Dogon wando, ɗankwali," ya ce. "Kuma duk inda za ki, ƙafarki ƙafar goggonki. Ranar da ta ce ta gaji, magana ta ƙare. Kin ji ni?"

Na ji mana. Wato wasana duka ya rataya a wuyan mutuniyar da ba ta taɓa yin gudu ba ko da an kece da ruwan sama.

Ranar farko ta bi ni da ƙullin gyaɗa, ta nemi inuwa ta zauna. Koci, wato malamin namu, ya ce ta tashi ta matsar masa da benci. Ta miƙe. Ya ɗaga kai yana kallonta, ya ƙara ɗagawa. Goggo doguwa ce ta gaske, ita ke cire mana yanar gizo-gizo a rufi ba tare da kujera ba. Nan take ya miƙa mata riga.

"Mesiye, ni fa ba na gudu," ta ce, don haka muke kiran malamai.

"Kada ki gudu. Tsaya ƙarƙashin kwando ki ɗaga hannu."

Haka ta zama 'yar wasa, ni kuma aka ba ni kyaftin, don na fi kowa murya.

Bari in gaya muku yadda Goggo take wasa. Hannu biyu take karɓar ƙwallo, a hankali, kamar an miƙo mata kwanon miya mai zafi. Ba ta miƙa wa kowa da hagu, wai rashin tarbiyya ne. In ta tare wata yarinya ta faɗi, sai ta tsaya ta ce mata sannu, ta ɗaga ta, ta kakkaɓe mata riga, alhali an kai ƙwallo can ɗaya gefen. Amma in ta ɗaga hannuwan nan, ba mai wucewa. Ita kaɗai katanga ce.

Sauran kuwa ina zazzaga musu yadda na ga dama. "Ke makauniya ce? Ba ki gan ni ba?" Da na juyo wajenta sai murya ta sauka da kanta: "Goggo, da za ki ɗan matsa gaba kaɗan." 'Yan matan su yi ta dariya har da riƙe ciki. Kafin wata ɗaya kowa Goggo yake ce mata, har yaran unguwar Nkomkana da ba su jin Hausa, har koci.

Mun ci wasanninmu na farko, mun faɗi ɗaya, muka samu shiga zagayen kusa da ƙarshe tun da sauran wasa guda a hannu. A wannan wasan da bai ma da wani amfani na yi ɓarnar. Wata makaranta ce ta wajen unguwar Madagascar, 'yan matansu masu baki irin nawa. Na sha wuya na ratsa mutum biyu, na ba Goggo ƙwallo tana ita kaɗai. Daidai nan ɗankwalinta ya kwance. Sai ta ajiye ƙwallon a ƙasa, tsakanin ƙafafunta, ta sa hannu biyu tana ɗauri. Wata 'yar firit ta zo ta ɗauke abinta ta tafi ta jefa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Sunanta na kira, na yanka, cikakke, na ƙara da "Ke!" a gaba.

Ta ƙarasa ɗaurinta, ta taka a hankali zuwa benci, ta cire takalmi ta sa silifa, ta yafa mayafi, ta fita ta tari taksi. Koci yana ta tambaya wa aka kira, don shi bai taɓa jin sunan ba.

A gida ba ta kai ƙarata ba. Da ta kai ma da sauƙi, a yi min faɗa a wuce. Cewa kawai ta yi, "Yaya, ƙafata ce ke ɗan ciwo."

"To ku huta," in ji Baba. Ku, ba ki ba.

Saura kwana shida babban wasan. Kwana biyu na yi ina jiran ta huce, tana ta yawo a tsakar gida da ƙafarta lafiya lau, tana ɗingishi kawai in ta ji sallamar Baba. Na rasa yadda zan yi, na tafi wajen Kaka.

Kaka ta yi dariya har haƙorin makkanta ya fito. "Ai na sani, bakin nan naki kamar injin markaɗe wata rana sai ya niƙe ki. Je ki sayo mata soya mai zafi, ki zo ki durƙusa."

"In durƙusa wa wadda muke satar ƙanzo tare?"

"To zauna. Ni dama ban ga abin da ake nema a cikin kwandon da ba shi da gindi ba."

Na je bakin titi na sayo soyar, wato tsire, da albasa da yaji. Goggo ta sa aka fito mata da kujera tsakar gida, ta harɗe ƙafa. Na durƙusa, matan gida duk sun leƙo.

"Goggo, ki yi haƙuri."

"Da wa kike?"

"Da ke, Goggo."

"Ban ji ba, 'yar nan. Kunnena ya toshe tun ranar da aka yi min ihu."

Sau uku na maimaita. Ta cinye soyar tas, ko tsinke ba ta miƙo min ba, sannan ta faɗi sharaɗinta. Ni zan riƙa wanke mata safa. Kuma a fili, duk sanda zan jefo mata ƙwallo sai na ce don Allah, in ba haka ba ta bar shi ya wuce. Na ɗauka wasa take. A atisayen washegari na jefa ban ce ba, ta kauce, ƙwallo ya sami koci a ciki.

Ranar Laraba aka yi wasan. Ni dai ban taɓa roƙon mutum irin na ranar ba. Daf da tashi suna gabanmu da maki ɗaya, ƙwallo yana hannuna, mutum biyu sun manne min. Raina ya ce jefa da kanki, ke ce kyaftin. Sai na hango hannuwan nan a sama, ba kowa kusa da ita.

"Goggo, don Allah!"

Ta karɓa da hannu biyu. Wallahi sai da ta ce "Madalla" kafin ta juya ta saka shi. Maki biyu ke nan. Aka busa usur, muka yi nasara.

A wasan ƙarshe kuwa an yi mana dukan da ba na son tunawa, kada ma a tambaye ni. Da muka dawo Baba yana shan shayi a zaure, ya dubi ƙanwarsa, ni ko kallo ban samu ba.

"Yaya 'yar taki? In bar ta baɗi, ko ya isa haka?"

Goggo ta ɗauki lokacinta, har da gyara mayafi.

"Tana da baki, Yaya. Amma ta fara gyaruwa. A bar min ita shekara ɗaya mu gani."

Ta wuce ciki, ta cire safarta ta jefo min a tsakar gida. Ba ta ce don Allah ba.