Linzamin Babagana

Duk wanda ya tashi a Lafia a zamaninmu ya san Malam Ƙasimu, tsohon nan da ba ya ɗaga kai in jirgi ya wuce. Yara na cewa tsoro yake ji. Ƙarya suke yi. Kakana ne, kuma ya tuƙa jirgi tun iyayensu ba su taɓa shiga mota ba.

Kafin yaƙin duniya na biyu ya yi wa wani Bature mai haƙar kuza aikin kanikanci. Baturen na da ɗan jirgi mai kujera biyu, da idonsa ya fara rauni sai ya koya wa Ƙasimu tuƙi. Daga baya Ƙasimu ya roƙa a bar shi ya koya wa ƙanensa Babagana, wanda ya raina bayan rasuwar mahaifinsu. Shi ne ma ya fara ɗora shi kan doki a hanyar Assakio, ya ce masa, "In doki ya yi tuntuɓe, ja linzami ka ɗaga masa kai."

Jirgi kuwa ba haka yake ba. In hancinsa ya ɗagu da yawa, gudu ya ragu, sai iska ta saki fikafikan, ya yi karkarwa ya sulalo. Ƙasimu na kiran wannan suma. Maganinta shi ne ka tura sandar tuƙi gaba, ka sunkuyar da hancin, ka ƙara wuta, sai ya farfaɗo.

Sun gwada fiye da sau talatin suna tare a sama. Kowane karo sai hannun Babagana ya ja kafin ya tuna.

"Tura! Ba doki ba ne!" in ji Ƙasimu.

"Yaya, ina faɗuwa kuma in nufi ƙasa? Zuciyata ba ta yarda."

Ƙasimu ya ga wannan hannu sarai. Amma da Bature ya tambaya ko Babagana ya isa tashi shi kaɗai, sai ya ce ya isa. So hana ganin laifi.

A wani fili da aka share a bayan gari Babagana ya tashi, mahaifiyarsu Fanna na tsaye tana kallo. Ya juyo ƙasa-ƙasa don ta gan shi, jirgin ya yi karkarwa. Ƙasimu ya bi shi da gudu yana ihu, "Tura! Tura!" Hancin ya ƙara ɗaguwa. A wata gonar doya wajen Adogi aka tarar da shi ya rasu, sandar na manne a ƙirjinsa.

Ƙasimu ya bar aikin, ya sayar da dokin gidan, ya kama noma. Shekara arba'in ba a ji ya koya wa kowa ko ɗaurin akuya ba, abin na ba ni haushi. Ran nan na matsa masa ya koya mini keke. Ya daɗe yana duban hannuna, sannan ya ce, "Je ka wajen wani, jikana. Mutum ɗaya na koya wa abu biyu, ya riƙe na farko. Laifinsa ke nan, ya ji maganata."