Kafaɗar da Ƙaho Ya Danne

A bakin titin Rampart nake hango shi, nan New Orleans, dattijo dogo cikin baƙar kwat da guga ya koɗar. Kafaɗarsa ta hagu ta ɗan rusuna, kamar har yanzu da kaya a kanta. Irin wannan kafaɗa sai wanda ya yi shekara da shekaru yana saɓa ƙaton ƙahon busar nan na tagulla mai naɗe jikin mai busa shi.

Ga 'yan badujala tafe da gawa, a hankali, yadda ake yi kafin a isa makabarta. Ya cire hula. Kumatunsa da suka zurma suna ɗan kumbura, yatsunsa uku suna danna mariƙin lemarsa, daidai da busar. Ina jin a da shi ne a bayan layin masu busa, ƙafafun unguwa duka suna taka abin da ya busa.

Mai wainar shinkafa da ke gefensa ta zungure shi. "Baba Alcide, ka bar wa masu haƙora busa mana. Ba ga babban gogenka kana kaɗawa a gidan rawa ba? An ce ma ka fi samu."

"Na fi samu, Odile," in ji shi, idonsa na kan masu tafiya. "Sai dai shi goge a ɗaki yake tsayawa. Bai taɓa raka kowa ba."

Suna shan kwana ya mayar da hularsa, ya gyara kafaɗar, kamar mai jiran a ɗora masa ƙahon.