Na Kai Tsokar Hanjin Baba Zariya

Litinin

Ƙarfe biyar da rabi, ina idar da sallar asuba na nufi tashar Suleja. A aljihuna akwai 'yar kwalba, cikinta ruwan magani da tsokar hanjin Baba, ba ta fi ƙwayar gero ba. Likitan da ya leƙa cikinsa da na'ura ne ya tsinko ta, ya ce awonta sai Zariya.

Shekara guda ke nan Baba na bayan gida da jini da majina. An sha maganin atuni, an sha na basir, har ya haƙura da keken ɗinkinsa. Sai Gwaggo Hajara, ƙanwarsa, ta tuno cewa ciwon ya fara kwana uku bayan ya ci shinkafar Kirsimetin Maman Talatu. Maƙwabciyarmu ce, malamar firamare, shekara ashirin tana aiko mana shinkafa muna aika mata naman layya. A bayanta na yi wayo. Na ci alwashin dawowa da takarda mai ɗauke da dalilin ciwon, in rufe bakin Gwaggo.

Fijo ta cika bakwai saura kwata. Lokacin wahalar mai ne, a Sabon Wuse muka ɓata minti arba'in direba na ciniki da 'yan bumburutu. Gaba da Jere soja ya sauke mu, ya laluba aljihuna.

"Menene wannan? Juju?"

"Naman hanjin mahaifina ne, ofisa, awo zan kai."

Ya miƙo mini ita da yatsa biyu. Da muka koma mota, matar da ke kusa da ni ta manne da ƙofa. Direba ya ce, "Haba Malam, da ka faɗa ai a but za ka sa." Sha ɗaya muka shiga Kaduna, na hau bas a Kawo, kilomita tamanin, ƙarfe ɗaya ina Zariya.

Zariya

Na sauka Tudun Wada wurin Sani, abokin karatuna. Ɗaki ɗaya gare shi, ya bar mini katifa ya koma tabarma. A ranar na miƙa kwalbar a ɗakin awon asibiti. Koko da ƙosai da safe, sannan in taka zuwa ɗakin awo in ji "dawo jibi". Jibin nan sai da ta ci kwana tara.

Laraba, sha biyu da rabi, wani likita mai furfura ya zaunar da ni. Ya ce gyambo ne a babban hanji. Ba tsutsa ba ce, ba ƙwayar cuta ba, ba ciwon daji ba. Akwai ƙwayoyin da za su kwantar da shi, yakan lafa ya taso, kuma lallai Baba ya daina shan maganin ciwon jiki na kemis.

"Likita, me ya kawo shi?"

"Ba mu sani ba. Irin wannan har yau ba a gano dalilinsa ba."

Na ba shi labarin shinkafa. Ya ce guba ba ta yin haka. Na ce ya taimaka ya rubuta. Ya ce, "Ɗana, abin da na gani a awo shi nake rubutawa." Gaskiyarsa ce, amma wallahi na ji haushinsa.

Alhamis

Shida na safe na bar Zariya. Ranar Kirsimeti ce, hanya fayau, sha biyu da kwata ina gida. Aka taru a ɗakin Baba na fassara takarda. Na so in tsallake layin ƙarshe, mai cewa ba a san dalili ba, na kasa. Na ƙara da abin da likita ya faɗa da baki, cewa guba ba ta yin haka.

"Yana cikin takardar?" in ji Gwaggo.

"Babu."

"To! Masu na'ura sun ce ba su sani ba. Mu mun sani."

Ba ta rufe baki ba muka ji sallama. Maman Talatu ce da kanta, da kwanon shinkafa a lulluɓe. Na dubi Baba, ya sunkuyar da kai. Gwaggo ta ce, "Auwalu, kai ne ɗan boko, je ka sallame ta."

Na same ta a zaure. "Ɗana, ka dawo? Me suka ce?"

"Sun ce ba su sani ba, Mama."

Ta miƙo kwanon, na bar hannuwana a aljihu. Ta dube ni, ta gyara lulluɓin kwanon, ta ce Allah ya ba shi sauƙi, ta juya.

Baba ya samu sauƙi, har ya koma ɗinki. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Sani da katifarsa, har likitan ma na gode masa. Maman Talatu kuwa, da layya ta zagayo ni na kai mata nama a ɓoye. Ta gaishe ni da kyau, ta tambayi jikin Baba, ta bar hannuwanta cikin mayafi.