Ranar da Haruna Ya Kai Ustaz Bukkar Gwaggo

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka raka Haruna Abu Sharit makwancinsa, amma har yau in lasifika ta yi ƙara a wajen biki sai na waiwaya, ina jiran ya taso yana faɗa da mai ita. Haruna ɗan gwaggona ne, taubashina, saboda haka bawana ne, kuma na sha tuna masa ko a gaban mudir, shugabanmu a wajen aiki. Tare muka yi aiki a gidan rediyon Gadarif, ni ina gabatar da shirin manoma da Hausa, shi yana ɗaukar sauti. Sharit shi ne kaset a bakin mutanenmu, Haruna kuwa ya fi tattalinsa a kan cikinsa, shi ya sa laƙabin ya bi shi.

Ku bar ni in yi alfahari kaɗan. Manyan mawaƙan Umdurman da kuke ji a rediyo kuna lumshe ido, mu gwiwa da gwiwa muka zauna da su. In wani babban manomin yankin Simsim ya gayyato mawaƙi bikin ɗansa, washegari da la'asar akan yi ɗan zama a cikin gida: mawaƙin, da molonsa da ake kira ud, da jabana, wato butar gahawa mai citta, da mutane ƙalilan. Na'urar Haruna ce ke buɗe mana ƙofa. Na taɓa zama kusa da wani har guminsa ya ɗiga a finjalina. Na shanye abina. Mako guda matata tana tambaya wane ne ke waƙa a banɗaki.

Sai dai akwai matsala. Falon masu kuɗi siminti ne da rufin kwano, murya na shiga ta bugi bango ta dawo. Kaset ɗin Haruna sai ya fito kamar an jefa mawaƙin cikin tankin ruwa. Ran nan mudir ya gaji, ya ce in ya sake kawo irin wannan, ya ajiye na'ura ya koma sito yana kaɗe ƙurar tsofaffin kaset. Raba Haruna da na'urarsa daidai yake da binne shi da rai.

Ana cikin haka, tsakiyar damina, sai ga babban mawaƙan duka ya sauka a gidan Alhaji Babikir, tajirin riɗi. Mawaƙin nan, Ustaz kawai kowa ke ce masa. Muka isa, falo sabo fil, darduma har idon sawu. Haruna yana da wata al'ada: duk ɗakin da zai yi aiki, sai ya tsaya a tsakiya ya tafa hannu sau ɗaya, ya kasa kunne. Ya tafa. Tafin ya zagaya ɗakin ya dawo da 'yan rakiya. Ya leƙa waje, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga wajen Ƙala'at an-Nahal. In ruwan nan ya sauka a kan kwano, ko kiran sallah ba za a ji ba.

Sai na ga bawana ya durƙusa gaban Ustaz. Ya ce yana roƙon arziki, a koma guɗɗiyyar mahaifiyarsa, bukkar ciyawa, nan bayan layi.

Alhaji Babikir ya zabura. "Ya zol, kai mutumin nan, kana da hankali? Baƙon da na ɗauko daga Umdurman za ka kai akurki?"

Na ja rigar Haruna. "Kai bawa, in sito kake so, ba sai ka haɗa da ni ba."

Ustaz ya dube mu, ya dubi rufin, ya yi murmushi. "A can akwai jabana?"

"Wadda ta fi wannan," in ji Haruna. Ƙarya yake, wallahi. Ni na ruga na ɗauko ta Alhaji.

Wanda bai san laka ta Gadarif ba, bai san riƙo ba. Ta cinye takalmin Ustaz ɗaya, ta yi wa farar jallabiyarsa ado har gwiwa. Da ya sunkuya zai shiga bukkar, ciyawa ta tuɓe masa rawani. Gwaggo Hawwa tana zaune a kan angarib, gadonta na igiya, tana tsince dawa, ta ɗaga kai ta ce, "Haruna, wannan dogon ɗan wa ne? Ya ci abinci?"

Muka cushe kamar buhunan riɗi a lori. Haruna ya kafa doka: ba tari, ba ɗaga hannu a ƙyasta yatsu a kan mawaƙi ana "abshir" yadda muka saba, ni kuma in rufe baki. Wannan ta ƙarshen ta fi azumin bazara wuya.

Ustaz ya taɓa ud, ruwa ya kece. Jama'a, me zan ce muku! Ciyawar nan ta shanye ƙarar ruwan, sai wani shuuu mai taushi ya rage a bayan muryar. Muryar kuwa ta cika bukkar, ba ta bugi komai ba, mu ta buga. Tsigar jikina ta tashi har hulata ta ɗaga. Alhaji Babikir ya manta da fushi, hannunsa ya tashi sama da kansa, Haruna ya harare shi, sai ga babban tajiri yana ƙyasta iska ba sauti, hawaye na bin gemunsa.

Saura ƙiris waƙar ta ƙare lafiya, sai Gwaggo, wadda ba da ita aka yi dokar ba, ta rangaɗa guɗa irin ta kakanninmu, wadda na tabbata an ji ta har can garin Hawata. Haruna ya dafe kai, ya ga sito ƙiri-ƙiri. Ya mayar da kaset baya, muka saurara. Da aka zo kan guɗar, Ustaz ya yi dariya har ya kwanta a angarib, ya ce, "Duk wanda ya goge wannan, ni da shi har gaban alƙali."

Washegari mudir ya saurara, ya ce a maimaita. Bai sake ambaton sito ba. Haruna ya riƙe na'urarsa har ya yi ritaya.

Yau in mawaƙi ya buɗe baki, wayoyi ne ke tashi sama kamar gonar dawa, kowa yana ɗauka, ba mai saurare. Me Haruna zai ce? Ina jin sai ya bi su ɗaya ɗaya yana murɗe kunnuwa. Ko kuwa ya karɓi wayar ya yi ta juya ta yana "ya salam", domin mutum ne mai son na'ura. Ban sani ba, kuma ina jin haushin rashin damar tsokanarsa a kai.

Kaset ɗin ya tsufa, Gwaggo da Ustaz sun riga mu gidan gaskiya, gidajen layin duk sun koma kwano. Bukkar dai tana nan, 'ya'yan Haruna na sabunta mata ciyawa. Bara da muka kai 'yarsa Zainab ɗakin aurenta, ta tsaya a tsakiya cikin lulluɓi, ta tafa hannu sau ɗaya, ta kasa kunne. Sannan ta raɗa mini, "Baffa, Baba ba zai yarda da ɗakin nan ba."

Allah ya jiƙanka, bawana. Ubangidanka na nan yana ta surutu, babu mai harararsa.